Layar da Aka Ɗinka wa Kekena

Na ga abubuwa da yawa a duniya, yawancinsu na bar su sun wuce. Amma ranar da aka ɗaure kekena a bayan mota za a tafi da shi Maraɗi, ita kam tana nan a raina har in koma ga Allah.

Keken na mahaifina ne. Da kuɗin gyaɗa ya sayo shi daga Katsina tun ban yi wayo ba. Baƙi ne, mai nauyi, birkinsa na sanda, sirdinsa na fata, da 'yar jakar fata a ƙarƙashin sirdin inda ake sa sifana. A shekarar babbar yunwa na sayar da shanu, na sayar da gadon ƙarfe, har kwanonin matata. Keken ban sayar ba. A kansa na riƙa ɗauko garin rogo daga ƙetaren iyaka. 'Ya'yana biyu sun rasu a wannan shekarar. Ta ukun, a bayan keken na goya ta zuwa likita tana fama da ƙyanda, ta rayu. Ita ce ta yi lakol, wato makarantar boko, ta zama mai aikin jinya a Maraɗi.

Abin ya faru ne a shekarar da sojoji suka karɓi mulki suka ce za su shirya zaɓe su ba farar hula. Ko'ina maganar jam'iyya. Samari suna bi suna manna hotuna a bango, a amalanke, har a gindin bishiya. Wani ya matso kekena da hoto a hannu, na dube shi kawai, ya mayar aljihu. Tun da keken nan ya zo gidanmu ba a taɓa liƙa masa komai ba.

A cikin damina na faɗi a gona. Aka kai ni likita a Gidan Rumji, suka ɗaura mini wani abu a dantse, suka hura, suka ce hawan jini ne. Ɗiyata ta zo. Ta ce hawa keke kaɗan-kaɗan yana da kyau, amma doguwar tafiya a rana ta ƙare. Masallaci, gona, iyaka kasuwar Sae Sabuwa. Na ce to.

"Baba, na san ka," in ji ta. "To ɗin nan naka ba ya kai ƙofar gida."

Da ta dawo sai ga ta da wani abu a leda. Kamar agogon hannu ne na roba, da doguwar waya siririya, da wani ɗan guntu kamar ɗan yatsa, da mayen ƙarfe kamar ƙwayar wake. Ta ce mayen ƙarfen a wayar ƙafar keke ake ɗaura shi, guntun a kusa da shi. Duk juyin da ƙafa ta yi, agogon zai rubuta. In ta zo ta duba ta ga na wuce iyaka, keken zai bi ta zuwa Maraɗi. Agogon kuma a kan keke ake ɗaura shi, gaban mai tuƙi.

Na ce, "Ba a kekena ba."

"To zaɓi. Ko abin nan, ko keken."

Na dubi abin. Roba mai ƙyalli a kan keken babana, kamar a sa wa dattijo hular yara ne. Amma na san ɗiyata. Halina ta ɗauko.

Sai na tura keken zuwa wurin baduku. Taubashina ne, tun muna yara bakinsa bai bar ni ba. Ya juya kayan a hannu, ya ce, "Kai, tsoho, ashe an sa maka dabaibayi. Jakin da ya yi ƙaurin yawo ke nan."

"Ɓoye shi," na ce. "In na gani da idona, ban biya."

"Ka taɓa biya?"

Ya yi aiki mai kyau, ban hana shi ba. Ya ce a bar ƙafar gaba, kowa nan yake fara kallo. Ya koma ta baya. Agogon ya sa shi cikin jakar sifana, ya huda ɗan rami a bayanta wayar ta fito. Ƙarfen da ya sauka daga sirdi zuwa ƙafar baya dama akwai tsohuwar fata da babana ya naɗe shi da ita. Ya warware ta a hankali, ya kwantar da wayar, ya mayar da naɗin yadda yake. Mayen ƙarfen ya ɓoye shi cikin jan tuntun zare da ke jikin wayar ƙafa tun zamanin da. Saura guntun nan. Shi ba ya ɓoyuwa, dole ya tsaya dab da inda mayen ƙarfen ke wucewa. Ya daɗe yana kallonsa. Can ya yanko baƙar fata, ya ɗinke shi ciki kamar laya, ya ɗaure.

Ɗiyata da ta biyo ni ta juya ƙafar, ta leƙa jaka. Agogon bai motsa ba. Fatar ta yi kauri, abin ba ya jin wucewar mayen ƙarfen. Baduku ya farke ɗinkin, ya sa aska ya yi ta fere gefen ciki har fatar ta koma kamar ɓawon albasa. Ya shafa mata mai da toka don ta yi duhun tsufa. Aka sake juyawa, ta ce ya kama. Na ja da baya na dubi kekena. Yana nan yadda babana ya bar shi, sai dai laya ɗaya a ƙafa. Mutanen gari da suka gani suka ce tsoho ya nemi tsari saboda ciwo. Ban gyara musu ba.

Na riƙe alkawari. Masallaci, gona, kasuwa. Sauran lokaci ina zaune a inuwar bishiyar bedi a ƙofar gida.

Bayan an gama girbi ta zo da motar wani abokin aikinta. Ko ruwa ba ta sha ba ta buɗe jakar. Na ga fuskarta ta canza.

"Baba, ina ka je?"

"Inda kika ce."

"Abin da ke nan ya isa a je Damagaram a dawo, har da saura."

"Ban je ba."

"Na'ura ba ta ƙarya, Baba."

Wannan maganar ta fi ciwon zafi. In na'ura ba ta ƙarya, to an san wanda ya yi. Ni kuwa da yunwa ba ta sa na yi ƙarya ba, ba zan tsaya rantsuwa gaban ɗiyar da na goya ba. Kuma gaskiya ni ma abin ya ɗaure mini kai. A tunanina abin ya san ni. Wanda suke ɗaura mini a dantse a likita ai jinina yake ji, ba na maƙwabci ba. Na ɗauka wannan ma haka ne, ni kaɗai aka saita shi a kaina. Har na fara zargin ko baduku ya ɓata shi da askarsa.

Na ce, "Ɗauki."

Direban ya ɗora keken a bayan mota, ya kawo igiya. Na ce ya sa tsumma kada ya goge fenti. Iyakar abin da na faɗa ke nan. Ɗiyata ta juya baya, ba ta son kallona. Ni kuma igiyar nake kallo.

Ana cikin haka sai ga maƙwabcina, wani Bafillatani da iyayensa suka bar kiwo suka zauna noma a garinmu. Ya yi sallama, ya ga abin da ake yi, ya tsaya.

"Ina za a kai kekenmu?"

Ɗiyata ta ce, "Kekenku, Kawu?"

"To na wa? Gobe ni ke da shi. Zan koma Gidan Rumji, sun ce sunana bai fito a masu zaɓe ba. Zuwa na nawa ke nan, kullum a ce mai buro ya fita, ofis a rufe."

"Da wannan keken kake zuwa?"

"Da ƙafa zan je? Ai tun da babanki ya daina tafiya keken bai huta ba. Ladan ya kai sanarwar rasuwa Gidan Sori da shi. Mai shayi yana ɗauko sukari. Masu neman takardar haihuwa saboda zaɓen nan kuwa, sai dai a bi layi. Shi yana zaune gindin bedi, ka ce masa aron keke, ya nuna maka da haɓa."

A garinmu ba a hana aron keke, kamar yadda ba a hana garwashin wuta. Ta san haka, a ciki ta tashi. Zaman birni ne ya mantar da ita. Ta dubi keken. Sannan ta zo ta durƙusa gabana.

"Baba, don me ba ka faɗa ba?"

"Kin tambaye ni ina na je. Ba ki tambayi wa ya hau ba. Shi abin naki bai san ni ba?"

"Ƙafa kawai yake ƙirgawa. Ko wa ke kai."

"To bai da wayo."

Ta yi dariya, ta share ido da bakin gyalenta. Ta ce in yafe mata. Na ce a kwance igiyar tukuna. Da hannunta ta kwance.

Ta so a cire abin tunda ba shi da amfani. Na hana. Baduku ya sha wahala, kuma ɗinkin ya zauna da kyau. Da labari ya kai masa, sai da ya tako har gida don ya yi mini dariya. Ya ce duk garin aka sa wa dabaibayi ba su sani ba. Batirin ya mutu tuntuni. Layar tana nan a ƙafar baya, masu aro har yau suna taɓa ta kafin su hau.

Daga ranar, in ta zo ba ta buɗe jaka. Sai ta ce, "Baba, ina ka je?" In faɗa mata. Ta yarda.

Abin da na koya ke nan. Na'ura ba ta ƙarya, gaskiyar ɗiyata. Amma abin da ta sani kaɗan ne. Ta san ƙafa ta juya, ba ta san wanda ke kan sirdi ba, ba ta san abin da ya fitar da shi daga gida ba. Kafin ka yanke wa mutum hukunci da abin da ƙarfe ya nuna maka, zauna ka tambaye shi. In shi mai shiru ne irina, ka sake tambaya.