Yara Nawa Gare Ki?

Ƙarshen damina ne, tafki ya cika har ruwa ya taɓa gindin giginyar bakin gari. Shekarar ta zo da kifi, amma ba ta zo da kwanciyar hankali ba. Kowace ranar kasuwa sai an kawo labarin wani ƙauye da 'yan bindiga suka tasa a ƙasar Ngaski ko Shanga. Mu dai muna ta cewa, me za su samu wurin masunta?

Talata ce. Na yi sallar asuba, na hura wutar banda. Tun rasuwar maigidana da bandar kifi nake riƙe gida. Ƙananan yarana uku suna shan kunu. Babbar, ɗiyata ta fari, shekararta goma sha huɗu, tana wanke kwanuka. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, in kuma an tambaye ta yawan 'ya'yanta ba ta sa shi a ciki. Kunya ce. Haka Inna ta yi da yayana, haka na tashi na gani.

"Ke, itace ya ƙare," na ce mata. Ta ɗauki igiya ta yi gabas da gari.

Wajen ƙarfe takwas na ji babura. Ba biyu ba, ba biyar ba. Kaji suka watse. Sai harbi ɗaya, sannan ya haɗe kamar ana zuba tsakuwa a kan kwano.

"Ku kwanta! Ku kwanta!" Wannan daga gabas.

"Ku yi bakin ruwa!" Wannan muryar ladan ce.

Na goya ƙaramin, na ja hannun biyun. Kifi na kan wuta na bar shi. A bakin ruwa jirgi uku kawai muka tarar, sauran sun fita kamun kifi tun asuba. Mai jirgi yana ihu, "Mata da yara! Ku shiga, kar ku tsaya!"

Ina cikin jirgi na hango ta. Tana gangarowa ta gefen gonar shinkafa, da gudu, itacen yana kanta har lokacin. Gida ta nufa. Ba ta san mun fita ba. Tsakaninmu bai fi jifa biyu ba. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Ke! Ke!" Ba ta waiwayo ba. Babur biyu suka sha gabanta. Mai jirgi ya tayar da inji.

Kafin azahar muna hango hayaƙin garinmu daga tsakiyar ruwa. Inji na ruri, jarirai na kuka. Bayan la'asar muka isa Yelwa, aka sauke mu a wata makarantar firamare.

Washegari da hantsi aka ce a yi layi. Wani mutum ne zaune da babban littafi a inuwar darbejiya, waya a maƙale tsakanin kunnensa da kafaɗa.

"Yara nawa gare ki?"

"Uku."

Ya ɗaga kai, ya ƙirga uku a jikina, ya rubuta. "Na gaba!"

Na matsa gefe ina jiran a zo tambayar waɗanda suka ɓace. Ashe daga wannan amsar suke fitar da su. Mai uku da aka gani da uku, ba ta rasa kowa ba.

Bakina ne ya faɗa, ban musa ba. Amma mutumin nan ɗan ƙasar nan ne, mace ta haife shi. Ya san abin da "uku" ke nufi a bakin irina. Tambaya ɗaya ta rage masa, bai yi ba. Da na gane na koma, ya ce littafi ya tafi Birnin Kebbi. "Ai ke kinka ce uku. Mu abin da anka faɗa muna shi muke rubutawa."

Sunayen waɗanda ake nema suka fito, babu nata. Bayan wasu watanni aka sako 'yan mata can wajen iyaka. Aka kira sunaye daga takarda, iyaye suka karɓi nasu. Aka ce akwai waɗanda ba su cikin takarda, an wuce da su wani gari. Wane gari? Kowa na tambaya sai ya tura ni wurin wani.

Bana malamarmu ta yaƙi da jahilci ta same ni a kasuwar kifi. Ta ce wata ƙungiya mai kare haƙƙin baƙi da 'yan gudun hijira tana neman mataimakiyar lauya. Aikin shi ne a zauna da mutane a rubuta bayaninsu kafin lauya ya duba. Ta ce kuma sunayen waɗanda ake maidowa daga ƙetaren iyaka ta ofishin suke bi. Wannan na biyun ne ya sa na nema. Sau uku na sake rubuta takardar neman aikin kafin ta fita ba goge. Na haɗa da katin 'yan gudun hijira da aka ba ni a makarantar da aka sauke mu, don shaidar karatuna ta ƙone tare da ɗakina.

Ƙarfe goma aka ce. Sai ɗaya saura aka kira ni. Mutum uku ne a ciki, lauya mace da maza biyu. Ɗaya yana cin soyayyen kifi a takarda. Shi ya ce in ba su labarina.

Na fara. Da na kai wurin jirgi ya ɗaga hannu mai maiƙo.

"Tsaya, Inna, tsaya." Ya ciro waya ya saita ni. "Maimaita wurin nan. Nan za ki kalla. In hawaye ya zo kar ki share."

Na ce masa na gama.

Lauyar ta tambaye ni abin da zan iya wanda mai difloma ba zai iya ba.

"Ranki ya daɗe, in mace ta ce mini uku, zan ce mata, har da na fari?"

Ta mayar da idonta kan tebur. Na ukunsu ya yi dariya. "Inna, wannan ai al'ada ce. Mu nan doka muke yi."

Suka ce aikin na mai Turanci ne da kwamfuta. Amma labarina yana da kyau, suna so su sa shi cikin rahoton da za su aika wa masu ba su tallafi. Mai kifi ya turo takarda, ya nuna inda zan sa hannu. Turanci ne, ban iya ba. Amma na san lamba. A gaban sunana na ga uku. Daga katin ya kwafa, ina zaune gabansa ina gaya masa huɗu.

Na ajiye biro. Na ce aikin na haƙura, abu ɗaya nake roƙo, su sa ɗiyata cikin waɗanda ake nema.

"Sai da takardar da ke nuna kina da ita," in ji shi.

A ɗaki na haife ta, Inna ta yanke cibi. Inna ta rasu. Na ɗauki katina na fito. Lauyar ba ta ɗago kai ba.

Washegari bayan na sallami yara, na ɗauki littafin da nake koyon rubutu da fensir. Na je ƙofar ofishin, na ari benci wurin mai ƙosai. Mata sun riga sun yi layi, wasu Zabarmawa, wasu namu. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, a hankali, ina tambaya. Kafin a buɗe ƙofa mata biyu sun sunkuyar da kai sun ce a'a, ban da na fari. Ɗaya ba ta iya faɗin sunan ba, ƙanwarta ce ta raɗa mini. Na rubuta.

A layin sama na sa tawa. Hadiza. Shekara goma sha huɗu ranar da ta fita. Yarana huɗu ne, uku suna gida.