Tabarmar Arzika

Duk wanda ya zauna Filinge zamanin soja ya san Arzika da abu biyu: mobilet ɗin nan tasa, ƴar ƙaramar babur mai tari kamar tsohon mashayin taba, da tabarmar kaba da ke naɗe a bayanta. In aka yi taro, sai ya bari kowa ya zauna, an gama gaisuwa, magana ta yi nisa, sannan ya miƙe ya kwance ta, ya shimfiɗa a gefe, ya kakkaɓe ta da hularsa, ya dubi jama'a ya ce, "To, wa anka mance?" Ba mai zama a kanta sai wanda ba a gayyata ba. Ni Hajo taubashiyarsa ce, uwarsa ƙanwar ubana, saboda haka kada wani ya ce mini ba a tsokanar mamaci. Na tsokane shi yana raye, kuma ban ga abin da zai hana ni yanzu ba.

Aikinsa a biron koparatib, ofishin ƙungiyar manoma, shi ne anket, wato yawon tambayar mutane abin da suke so da abin da za su iya saya kafin a kawo kaya. Sauran ma'aikata in an aike su, gidan mai gari suke sauka, su sha fura, mai gari ya amsa da bakin kowa, su juyo. Arzika kuwa sai ya ji daga bakin mai ita. Matan cikin gida, Fulanin bakin rijiya, Buzaye masu raƙuma, Zabarmawan Bonkuku, duk sai ya bi su. Ya taɓa wuni da wani kurma suna magana da hannu, ya dawo yana cewa, "Shi ɗai ne bai yi mani ƙarya ba."

Ciwon tambayar nan har gida ya bi shi. Wata rana matarsa Rabi ta ce, "Malam, wace miya za a yi yau?"

Ya ce, "Kin tambayi yara?"

Ta ce, "Na tambaya. Har akuya na tambaya, ta ce kuka."

Ya ce, "Wace daga ciki? Baƙar ba ta cika son magana cikin mutane ba."

Ai Rabi da muciya ta raka shi har zaure!

Sai kuma shekarar lauje. Wani attajiri daga Yamai ya so ya kawo laujen masana'anta kafin lokacin yankan ciyawa, ya nemi a tambayo masa ko manoman ƙasar Kurfai za su saya. Arzika ya juya laujen a hannu, ya ce, "Wanga na masu dama ne. Bahagwai hwa?" Matsalar ita ce ba mai yarda ya ce shi bahago ne, domin tun suna yara ake bugun hannun. Sai gogan naku ya cika aljihu da goro. In yana hira da mutum, sai ya jefa masa ɗaya ba zato, ya ga hannun da zai cafe. Har limamin wani ƙauye ya jefa wa, liman kuwa ya yi caraf da hagu.

Ya ce, "Malam, ashe kai ma?"

Liman ya ce, "Arzika, ka ji tsoron Allah! Tun ina yaro nike ɓoyon abin ga."

Kafin ya gama yawonsa, ciyawa ta bushe, shanu sun cinye ta. Attajiri ya zo yana kumfar baki: "Lauje na ce ka tambaya, ba ƙidayar jama'a ba!" Amma da shekara ta kewayo ya kawo har da na hagu, kuma su suka fara ƙarewa a kasuwar Lahadi. Liman ma ya sayi ɗaya, wai na maƙwabcinsa ne.

Ranar da tabarmar ta kusa cinye masa aiki kuwa, ina wurin. Bayan wata shekarar fari ce, gwamnati za ta buɗe bankin cimaka a wani ƙauye kusa da Tabla, inda za a ajiye hatsi a sayar wa talakawa da sauƙi lokacin bazara. Kumandan da kansa ya zo naɗa kwamiti, wani soja mai gajen haƙuri wanda ko tari ba a yi a gabansa. An jera mai gari, liman, da Alhaji Gado shugaban ƴan kasuwa. An fara tafi ke nan, sai Arzika ya miƙe da tabarmarsa. Na ce a raina, shi ke nan, yau ɗan gwaggona ya kashe kansa.

Kumandan ya ce, "Mi ne ne wannan?"

"Ranka shi daɗe, wurin waɗanda anka mance ne. Mata ka daka hatsin ga, ba su nan. Azna na unguwar tudu, ba su nan."

Azna su ne masu bin addinin kakanni, kuma kusan rabin ƙauyen nasu ne. Alhaji Gado ya yi tsaki ya ce, "Yanzu da masu bori za mu zamna?"

Kumandan ya dubi agogonsa ya ce, "Na ba ka zuwa la'asar. In ba wanda ya zamna bisa tabarmar ga, gobe ka ɗaure ta bisa mobilet ka wuce gaba da Sanam, ka tambayi raƙuma ra'ayinsu."

To ga inda abin ya ɗaure. Ba macen da za ta taka gaban soja, ba Aznan da zai sauko, sai in Inna Magajiya ta yi gaba, tsohuwar da ke riƙe da bori da matan unguwar tudu. Ita kuwa Inna Magajiya uwar Rabi ce. Surukarsa! Mutumin da ya tambayi kurma, ya jefi liman da goro, ga mutum ɗaya a duniya da bai isa ya kalli idonta ba, balle ya yi mata magana. Tun aurensa, in ya hango ta a hanya, cikin gona yake faɗawa.

Muka hau tudu tare. Ya tuɓe takalma tun daga nesa, ya durƙusa bayan darni, ya yi gyaran murya, ya ce, "Kai darni, ka gaya ma masu gida ana biɗar su wurin taro."

Daga ciki muka ji tsohuwa ta ce, "Ke akuya, gaya ma darni, mi za a yi da tsohuwa gaban soja?"

"Darni, ka ce hatsi za a saida ma mata, kuma ba a tambayi mace ko guda ba."

Sai ta ce, "Akuya, ki ce ina zuwa. Amma ba ni zamna bisa tabarmar mijin ɗiyata, kuma ba ni buɗa baki shina wurin."

Arzika ya dube ni kamar zai yi kuka. Ni kuwa dariya ta kusa kashe ni, sai da na dafa darnin. Na ce, "Kai bawana, ka mance wace ce ni? Abin taubashi ai na taubashi ne. Na ƙwace tabarmar, tun yanzu tawa ce. Kai kuma ka san inda za ka ɓoye."

Haka aka yi. Ana kiran la'asar sai ga Inna Magajiya da sandarta, mata a bayanta, dattawan Azna a bayansu. Ta zauna daram a kan tabarmata. Arzika kuwa yana tsugune bayan motar Kumandan, ya rufe kai da hula. Ranar da ya daɗe yana jira ta zo, kuma bai gan ta da idonsa ba.

Tsohuwa ba ta ja magana ba. Ta ce, "Yaro," wai Kumandan take nufi, "in da buhu za ku saida, Gado kaɗai ka iya saye, shi kuma shi saida muna da tsada. Ku auna da tiya, har da rabin tiya. Ku buɗe ranar kasuwa, don Hilani su samu. Kuma ku sa kwaɗo biyu ga ƙohwa, makulli guda hannun mata."

Kumandan ya yi ta kallonta, sannan ya ce a rubuta. Ya waiga ya ce, "Ina mai tabarmar?"

Daga bayan mota murya ta fito: "Ranka shi daɗe, ina nan, amma ba ni nan! Hajo, an tambayi Buzaye?"

Ranar na fara ganin haƙoran Kumandan. Arzika bai je Sanam ba. Bankin nan kuwa ya daɗe yana ciyar da mutane, kuma makullin mata bai taɓa ɓata ba. Wallahi na yi alfahari da shi ranar, ko da yake ban gaya masa ba, don kada kansa ya kumbura. Tabarmar ma ban mayar ba. Duk sauran rayuwarsa aronta yake zuwa yi, ni kuma sai na sa ya roƙa.

Bayan soja sun sauka, samari suka riƙa zuwa daga Yamai da manyan motoci, suna koya wa ƙungiyoyi yadda za a dama da kowa. Suka gayyace shi ya yi jawabi. Ya saurare su suna ta Faransanci, ya miƙe ya ce, "Ɗiyana, magana ta yi kyau. Amma waɗanda kuke magana bisa kansu suna waje, suna saida muku ƙosai." Sai da aka shigo da masu ƙosai, taro ya koma Hausa da Zabarmanci.

Ranar zaman makokinsa tabarmin unguwa suka ƙare. Fulani, Buzaye, mutanen tudu, mutanen da ba mu san su ba, duk suka zo ba wanda ya aika musu. Na ɗauko tabarmar na shimfiɗa, amma kowa ya kewaye ta, aka bar ta fili. Alhaji Gado, da ya tsufa har ana riƙe shi, ya dube ta ya ce, "Hajo, naɗe ta. Yau ba a mance kowa ba. Mutum guda ne ba ya nan." A nan dariyata ta ƙare.

Ya Allah, bawanka Arzika bai yarda a bar kowa a waje ba. Ranar da za ka kira bayinka zuwa rahamarka, kada a mance da shi. Ka shimfiɗa masa wuri mai sanyi, ka gafarta masa. Amin.