Malam Tajuddeen da Na'urar da Ta Wanke Hajiya Maijidda

Da an idar da sallar asuba, Malam Tajuddeen Zubair ba ya komawa shimfiɗa. Yakan zauna a zaure ya buɗe tsohuwar kwamfutarsa, wadda ya ɗaure murfinta da salatif, ya duba ɗakunan shan magani goma sha ɗaya da ke hannunsa, tun daga bayan Rimin Gado har ƙauyukan da ke noman rani da ruwan Watari. In ya ga alamar ja a wani wuri, sai ya ɗaura tsani a babur ya ratsa gonakin dawa. In duk kore ne, sai ya sha kokonsa hankali kwance. Shekara goma sha huɗu ke nan, ba a taɓa kiran sunansa a taro ba.

Aikinsa shi ne kula da netwok ɗin da ya haɗa waɗannan ɗakuna: na'urorin raba intanet, kwamfutocin ma'aikata, da ƙananan na'urorin da ke manne a firijin allurar rigakafi suna faɗin yanayin sanyinsa. A da, duk a takarda ake rubuta su. In wata ta mutu, ba mai sani sai an je an tarar magani ya lalace.

Tajuddeen ya roƙi kamfanin da ya kafa kayan su kunna wa manhajar kula da netwok ɗin sashen da ke nemo na'urori da kansa. Jami'in kamfanin ya yi dariya. "Malam, wannan ba aikin ƙauye ba ne. Sai an ɗauko ƙwararre daga Abuja."

Bai yi musu ba. Mako uku ya yi yana karatu yana gwadawa. Ya ba manhajar jerin adireshin kowane ɗaki, ya sa mata kalmar sirrin da na'urorin suka sani, ya saita ta ta riƙa zagayawa duk bayan minti goma sha biyar. Da na tambaye shi yadda abin yake, sai ya ce, "Kamar mai bin gida-gida ne yana sallama. Wanda ya amsa, a rubuta sunansa da inda yake. Wanda ya yi shiru, ni zan je."

A daidai lokacin ne Hajiya Maijidda, mai kula da ɗakin shan magani na ƙauyenmu, ta shiga uku. Na'urar raba intanet ta ɗakinta ta ɓace, aka ce ita ta sayar. Ta rantse cewa mutanen kamfani ne suka zo suka ɗauka da sunan gyara, amma ba ta da takardar shaida. Matar da ta shekara ashirin da biyu tana yi wa 'ya'yanmu allura, har an rubuta takardar korarta. Ta daina zuwa biki saboda kunya.

Ranar farko da manhajar ta yi zagayenta, sai ga ɓatacciyar na'urar ta amsa, da lambar jikinta cif. Ba daga ƙauyenmu ta amsa ba. Daga wani layi ne da aka ja a ɓoye zuwa gidan jami'in nan mai dariya.

Da jami'in ya ji labari, sai ya kira Tajuddeen a waya. "Goge ta daga jerin."

"Ranka ya daɗe, ba ni na rubuta ta ba. Sallama aka yi, ta amsa. Ko na goge, bayan minti sha biyar za ta dawo."

"To kashe abin gaba ɗaya."

"Wannan kam sai dai ka kore ni tukuna, sannan ka kashe da hannunka."

Washegari Tajuddeen ya buga shaidar a takarda ya kawo gaban kwamitin lafiya na yankinmu. Ina cikin kwamitin, da idona na gani. Hajiya Maijidda ta rufe fuska da mayafi tana kuka, tana cewa, "Allah ya rufa maka asiri, Malam."

An yage takardar korarta. Shi kuwa Tajuddeen, da yake jami'in yana da manya a sama, sakayyar da ya samu ita ce an ƙwace babur ɗin aiki, ƙarin girman da ake ta yi masa alkawari ya bi ruwa. Da nasa babur ɗin yake yawo yanzu, kuma tun daga lokacin ko kwalbar rigakafi ɗaya ba ta lalace a ɗakunan nan ba.

Kai ne gagara-gasa, Tajuddeen, kai ne ɗan ƙauyen da aka raina ya yi abin da aka ce sai na birni. Sun hana ka kujera, amma ba su isa su hana mu faɗin sunanka ba. Mun gode. Allah ya ja kwana, ya albarkaci zuri'arka.

Ku kuma matasanmu da kuka karanta kwamfuta kuke cewa ba abin yi a ƙauye, ku je ku zauna kusa da shi ku koyi aiki. Ran da wani babba ya ce ku goge gaskiya, ku tuna an taɓa faɗa wa wani haka a ƙasar nan, ya ce a'a, kuma yana nan da ransa da mutuncinsa.