Huwita da Karatun Lallashi

Idan ana lissafin mutanen kirki a unguwar Yahudawa ta tsibirin Jarba, Huwita Haddad maƙerin azurfa yana ciki. Bai taɓa ha'inci a awo ba. Aibinsa ɗaya, ƙanensa Ma'atuk ya tsaya masa a maƙoshi.

A duk shekara, ranar azumin tunawa da rushewar Haikalin Urushalima, jama'a kan tuɓe takalma su zauna a ƙasa cikin majami'a, a rera makoki. Huwita ke rerawa, don muryarsa a dushe take tun yana saurayi. Asabar ɗin da ke biye kuwa sai a sa fararen kaya, a karanta alkawarin da Allah ya yi ta bakin Annabi Ishaya, cewa wahala ta ƙare, zai ji tausayin mutanensa, ya tattaro su gida kamar makiyayi da tumakinsa. Wannan karatu na Ma'atuk ne, mai zaƙin murya. Shekara talatin da ɗaya ana haka.

"Ni toka, shi zuma," in ji Huwita ga matarsa Gizala. "Ni zan sa su kuka, shi ya zo da farar riga ya share musu hawaye. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi."

"To kurar gidana, ci abincinka," ta ce. "Kana da jikoki kana kishin ƙanenka, ko kunya babu."

Bai musa ba. Kishi yake yi, kuma ya sani. Burinsa a duniya bai wuce ya karanta alkawarin nan sau ɗaya kafin ya mutu ba.

Wata shekara mura ta shaƙe Ma'atuk, murya ta ɗauke ƙaf. Limamin majami'a, Rebbi Shushan, ya ce Huwita ya karanta alkawarin a madadinsa. Allah ya yafe wa Huwita, amma da ya je duba ƙanensa, sai da ya danne murmushi kafin ya ce sannu.

Ran Asabar ya hau mumbari da sabuwar riga. Ayoyin duk suna kansa, ai shekara talatin da ɗaya yana bin su a zuci yana neman inda Ma'atuk zai yi kuskure. Ya buɗe baki, kalmomin suka fito daidai, amma da karin makoki. Kowane karatu da nasa kari, shi kuwa maƙogwaronsa ɗaya kawai ya sani. Tsofaffi suka fara bubbuga benci, alamar ya yi kuskure. Ya tsaya, ya sake daga farko, makokin dai ya sake fitowa. Wata tsohuwa a sashen mata ta fara shessheƙa, ta ɗauka an yi rasuwa.

Sai ga Ma'atuk ya hawo, wuya naɗe da mayafi. Ya tsaya bayan yayansa, ya sa baki dab da kunnensa, yana raɗa masa karin da 'yar ragowar muryarsa.

"Bi ni, Yaya, a hankali."

Huwita ya ji kamar ya ture shi ƙasa. Amma ya bi, aya bayan aya, har ya kai ƙarshe. Ya karanta alkawarin, idonsa cike da hawaye, shi kansa bai san ko na daɗi ba ne ko na haushi.

Da aka tashi, ya tsaya a bakin ƙofa yana gyara riga, yana jiran a zo a yi masa barka. Jama'a suka nufo shi, suka ratsa ta gefensa, suka kewaye Ma'atuk suna sumbatar hannunsa.

"Ka ga ɗan halak," in ji wani dattijo, yana dafa kafaɗar Huwita. "Babu murya ma, shi ya fid da mu kunya. Kai dai ka yi sa'ar ƙane."