Malam Maharazu Bugaje da Amanar Sunan Tigran

Haihuwa da Karatu

An haifi Malam Maharazu a Bugaje ta ƙasar Jibiya a shekarar 1904. Mahaifinsa shi ne Malam Rabe majemi, mahaifiyarsa kuwa Hajjo. Bayan ya sauke Alƙur'ani ya tafi Katsina, ya shekara tara yana karatun nahawu, ya dawo da wata ɗabi'a da ta bi shi har kabari, wato ba ya jin suna ya ƙyale sai ya tono asalinsa.

Aiki da Iyali

A 1938 ya auri Salmatu 'yar Riko, suka haifi Luba da Rabi'a. A 1950 aka ɗauke shi tafinta a kan iyakar Jibiya, inda ya saba da wani dattijo ɗan Armeniya mai fataucin fatu daga Maraɗi, ana ce masa Tigran. Dattijon ya shaida masa cewa sunan na sarakunan ƙasarsu ne na dā, kuma tushensa daga harshen Farisa yake. Malam ya rubuta shi da ajami, ya yi masa wasali, sabo ya yi nisa har gidan duka suna ce wa mutumin Baba.

Amana

A daminar 1954 ciwon ajali ya kama Tigran a gidan Malam. Ba shi da ɗa, danginsa sun ƙare tun yana saurayi, don haka abu ɗaya ya roƙa: kada a daina kiran sunan bayansa. Malam ya ɗauki alkawari.

A 1955 Salmatu ta haifi namiji. Ranar suna Malam ya kawo sunan dattijon, liman ya tirje, Malam ya kafa masa hujja cewa babu shirka a sunan, aka raɗa wa yaro Tigran. Sai dai tun ranar mata suka sakaya shi da Baƙo. Da Malam ya yi magana, Salmatu ta ce, "Haba Malam, wa ka kiran sunan Baba gatsau cikin gidan ga?" Shi kansa da ya gwada, kunya ta riƙe masa harshe. Wannan abu ya ci masa rai ƙwarai.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa ranar Laraba cikin watan Rajab na 1959, aka yi jana'izarsa a Bugaje bayan Azahar. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya uku: Luba, da Rabi'a, da Baƙo, wanda bai taɓa jin mahaifinsa ya kira shi da sunansa ba. Allah ya jiƙansa.