Sista Miƙe-Wuya Tana Kan Benci

Kullum ƙarfe bakwai take buɗe ɗakin gashin ƙashi, wancan na ƙarshen barandar asibiti, wanda fankarsa ta mutu tun ina da sauran haƙora. Takan ɗora ruwan zafi, ta jera tawul, sannan ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon mutanen benci. Kafin ta duba katinka, zamanka take dubawa. In ta ga ka ranƙwafa sai ta ce, "Miƙe wuya, Baba, me ka yar a ƙasa?" Daga nan sunan ya bi ta, Sista Miƙe-Wuya. Shekara talatin da biyu ke nan, wata mai kamawa za ta yi ritaya.

Ni tela ce. Ban yi boko ba, 'yata ke rubuta wannan, na kuma hana ta tausasa mini magana.

Shekara shida da suka wuce babban yatsana da manuni suka fara mutuwa. Manunin ya riƙa zillo shi kaɗai kamar wutsiyar ƙadangare da aka datse. Zura zare ya gagare ni. Allura ta soke ni ban ji ba, sai da na ga jini a yadin mutane. Ƙanwata ta ce sanyi ne, mai kemis ya ba ni man zafi, wani likita ko ɗago kai bai yi ba ya rubuta a gasa mini hannu. Wata huɗu ana murzar yatsun da ba su yi wa kowa laifi ba.

Sista ce wata rana ta hango ni a benci ta ce, "Mama, wannan wuyan naki ne ko na aro?"

Na ce, "Hannu na kawo, 'yar nan, ki bar mini wuyana."

"Kalli sama, ki karkata dama."

Ina karkatawa wani abu kamar lantarki ya tsarga mini daga kafaɗa har yatsa. Ta ce tsakanin ƙasusuwan wuya akwai faifai mai laushi, nawa ne ya goce ya danne jijiyar hannu. Ta ɗauki katina ta koma wa likitan, ta tsaya masa a kai sai da ya rubuta hoton wuya. Hoto ya fito yadda ta faɗa.

Ranar hutunta ta zo har shagona. Ta ga yadda nake duƙa wa keken ɗinki, ta ce, "Shekara nawa kina gaishe shi haka?" Ta sa aka ɗaga teburin da bulo, ta fitar da kujerata marar baya waje. Bulon na nan har yau, ina kuma ɗinkina. A tambayi direban da ya daina jin sitiyari a tafinsa, a tambayi mai kitson layinmu. Duk ta hannunta suka bi.

Ke ce mai ganin ciwo tun daga benci, Sista. Ke ce ba ki taɓa ce wa mutum tsufa ne, ya je ya yi haƙuri ba.

To ga abin da ya sa na tashi 'yata ta ɗauko biro. Makon jiya na kai mata rigar ritaya da na ɗinka. Ban same ta a ɗakinta ba. Na same ta a bencin ɗakin hoto, ta ranƙwafa, kati a cinya, manuninta na zillo irin nawa sak. Maɓallin rigar ma ta kasa ɓallewa. Ɗaga majinyata da jan wuyan mutane sun cinye nata wuyan. Wata bakwai tana jiran hoto a asibitin da ta tsufa a ciki, kullum sai a ce ta dawo, an sa wani gabanta. In ta yi ritaya kuwa sunanta ya fita daga na ma'aikata, ta koma ƙarshen layi.

Ta ce, "Mama, rufa mini asiri, kar ki tada hayaniya."

Na ce, "Da kika tsaya wa likita a kai saboda ni, shawarata kika nema?"

Na ji wai shugabannin asibiti sun shirya mata walima da agogon bango. Agogon za ta rataya a wuyan? Ku riƙe jawabinku, ku yi mata hoto kafin watan nan ya ƙare, likitan ƙashi ya duba ta yana kallon fuskarta.

Na gode, Sista, Allah ya saka miki, ya maido miki da hannunki. Ku kuma masu tasowa a aikin nan, ku riƙa ɗago kai kuna kallon mutum kamar yadda take yi.

Ranar Litinin ƙarfe bakwai ni da direba da mai kitso za mu zauna a bencin ɗakin hoton tare da Sista. Zan zo da ɗinkin hannu, don ba na gaggawa.