Shekarar da Aka Sace Ƙasar Kawu

Ni magini ne tun ina saurayi. Ina da jaki ɗaya da mangala, kuma duk wanda ya san ni a ƙauyenmu, can wajen Guri, ya san ni ne ina bin jakin nan da lodin ƙasa. Wannan sana'a ce ta ja mini zargin sata, a shekarar da aka bar fam da sule aka koma naira, lokacin da fari ya kai shekara ta biyu.

Kawuna, yayan mahaifiyata, yana da gonar shinkafa a ƙasan fadama, inda ruwan kogin Hadejia ke kwanciya wata huɗu ko biyar. Ƙasar wurin baƙa ce wuluk, mai laushi, in ka taka sai ka ji kamar katifa. Kawu yana alfahari da ita fiye da yadda yake yi da 'ya'yansa. In baƙo ya zo, kafin a ba shi ruwa sai an kai shi ya sunsuna gonar.

To, ruwa ya ƙi zuwa. Shekarar farko ya leƙo ya koma. Ta biyu ko leƙowa bai yi ba. Fadama ta bushe ta tsattsage, har kaza na iya faɗawa cikin tsagar.

Wata safiya ina kwaɓa ƙasa a ƙofar gida sai ga Kawu, hula a karkace.

"Kai, ina ƙasata?"

Na durƙusa na gaishe shi.

"Wace ƙasa, Kawu?"

"Taso ka gani, tunda ba ka sani ba."

Ya kai ni gonar, ya tsaya a kan turken da yake ɗaure akuyarsa. A da, in ji shi, ya yi wa turken tsaga daidai inda ya haɗu da ƙasa. Yanzu tsagar tana sama da ƙasa da yatsa huɗu. Na duƙa na duba. Gaskiya ne. Gonar ta sauka.

"Duk garin nan wa ke yawo da jaki yana kwasar ƙasa?"

Na ce, "Kawu, baƙar ƙasar fadama ba ta gini. Ko na ɗauka me zan yi da ita?"

Ya ce, "Ka ga? Har ka gwada ke nan."

Kwana uku yana zagaya katangun da na gina a garin, yana ƙwaƙule su da farce yana sunsunawa. Wata tsohuwa ta kore shi da muciya daga bayan ɗakinta. Mahaifiyata ta yi kuka, matata ta yi dariya har na ji haushi. Daga ƙarshe Kawu ya kai ni ƙara wajen mai unguwa.

Mai unguwa ya saurare mu a gindin tsamiya, ya tambayi Kawu ko ya ga sawun jaki a gonar. Kawu ya ce ai ɓarawon ya share. Ya tambaye shi yadda mutum ɗaya zai kwashe yatsa huɗu daga gona guda, ko'ina daidai, ba rami ko ɗaya. Kawu ya ce, "Ranka ya daɗe, ai magini ne. Daidaitawa ce aikinsa."

Allah ya taimake ni, ranar malamin gona ya zo daga Hadejia a kan kekensa, yana zaune gefe yana jiran a gama ya yi maganar iri. Mutum ne siriri mai yawan tari. Ya nemi izini, ya ce a kawo masa dunƙulen ƙasar gonar da kasko da wuta. Aka kawo. Ya marmashe ƙasar a kasko ya ɗora a kan garwashi, muka kewaye shi kamar masu jiran tsire.

Can sai hayaƙi ya fara tashi, da wari irin na ƙonannen bambaro, wato karan shinkafa. Malamin yana juyawa da tsinke. Da ya sauke, baƙar ƙasar ta koma ja-ja, ta ragu, ta yi sakayau.

Ya ce, "Baba, baƙin nan da kake so, ciyawa ce. Burugu da bambaro da saiwoyi na shekara da shekaru, tun zamanin kakanninka. Suna mutuwa ruwa ya danne su, ba sa gama ruɓewa. Yanzu da babu ruwa, iska ta shiga ta tsagar nan, ƙananan halittun cikin ƙasa suna cinye su suna fitar da su kamar numfashi. Abin da wutar nan ta yi yanzu, shi fari yake yi a hankali. Sauran kuma laka ce ta ƙanƙance."

Kawu ya leƙa cikin kaskon.

"To yanzu tana ina?"

"Tana cikin iska."

"Iskar ta yi ina?"

Malamin ya ɗaga kai, ya nuna yamma.

Kawu ya tafa hannu. "Wato Kanawa ne suke shaƙar gonata!"

Mai unguwa ya rufe baki da hannun riga, kafaɗunsa suna rawa. Aka sallame ni. Kawu bai ba ni haƙuri ba, ya dai ce mini in na je Kano sayen kaya in buɗe ido.

Da malamin ya tsaya nan, da an huta. Amma ya ƙara da cewa abin yana dawowa: ganye yana zuƙo shi daga iska ya yi jiki da shi, in ya mutu ya koma ƙasa. Har ya ce mu ma irinsa muke fitarwa in mun yi numfashi. Ya shawarci Kawu ya daina ƙone bambaro, ya riƙa binne shi da kashin shanu. Kawu ya ji duka, amma maganar numfashin ce ta fi zauna masa.

Da damina ta gaba ta ɗan yi dama-dama, shinkafa ta tsiro, sai ya kafa doka. Kowane hantsi mutanen gidansa su je gona su zauna a kan kunya su yi numfashi. Ni ma aka sa ni, wai don in wanke kaina sarai. Ka ga manya da gemu a jere, muna hura wa shinkafa iska kamar masu fifita koko. Da kai ya fara juya wa matarsa ta tashi ta tafi, ta ce ita an aure ta ne don tuwo.

Sai Kawu ya yi dabara. Akwai wanzamin garinmu, mutumin da in ya fara labari sai an yi kiran salla yake haɗiyar yawu. Kawu ya shimfiɗa masa tabarma a tsakiyar gona, ya ce daga yau nan ne wurin aski. Duk mai son a taɓa kansa sai ya gangara fadama. Wanzami yana zuba, masu jira suna gardama, Kawu yana zagayawa yana juya su su fuskanci inda shinkafa ta fi rauni. In gardama ta lafa sai ya jefa maganar da ya san za ta tada ta, kamar wane gari ya fi iya kamun kifi.

Ni kuwa, da jakina, na yi ta kai masa taki daga mashekarin Fulani, muka binne bambaron da ya rage. Shekaru sun ja kafin ƙasar ta ɗan sake yin duhu, kuma ba ta taɓa komawa yadda take ba, don ruwan ma bai sake kwanciya kamar da ba.

Amma shinkafar shekarar da wanzami ya yi aski a gonar ta yi kyau. Ranar sussuka sai ga wanzami da buhu a kafaɗa, ya zo karɓar rabonsa. Na zaci za a yi faɗa. Kawu ya dube shi, ya auna masa mudu uku ba musu, ya ce, "Baɗi ka zo da ƙanenka, na ji an ce ya fi ka surutu."